Layin da Na-Sama Ya Ja

Duk titin nan babu wanda bai san Na-Sama mai fenti ba, don ko ba ka san shi ba zai tare ka ya sanar da kai kansa. Sana'arsa rubuta allon shaguna, amma in ka zauna da shi ɗan lokaci sai ka rantse shi ke juya garin. Ka ce an ɗauke wuta, zai ce bari ya yi magana da na sama. Ka ce famfo ya ƙafe, zai ce ai jiya ma suna tare da na sama. Su wane ne na saman nan, babu wanda ya taɓa ganin ko inuwarsu. Shi ya sa aka liƙa masa sunan, shi kuwa gogan ya karɓa hannu bibbiyu yana zaton girmamawa ce.

Abu ɗaya ne a duniya yake sa muryarsa ta yi ƙasa, wato makullin motar matarsa. Malama shugabar makarantar firamare ce, da guminta ta sayi motar, 'yar ƙarama fara tas, kuma ta sha zaryar karɓo ta daga hannun 'yan sanda saboda shi. Akwai ranar da ya tsaya a tsakiyar gada don ya gaisa da abokinsa. Akwai ranar da ya ajiye ta a bakin ƙofar asibiti, daidai inda motar marasa lafiya ke shiga, ya tafi cin abinci. Don haka da za ta tafi kwas na 'yan kwanaki, sai ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, makullin yana lilo a yatsanta.

"Baban yara, ka buɗe kunne da kyau. Idan ɗan sanda ya sake taɓa motar nan, ko da ɗan yatsa ne, to kai da makullin nan sai kallo. Na gama magana."

"Haba Malama, ni fa? Ɗan sandan da zai taɓa motar nan ba a ɗinka masa kaki ba tukuna."

"Haka ka ce wancan karon."

"Wancan sabon zuwa ne, bai san ni ba."

"To Allah Ya sa yanzu duk sun san ka."

Ta saki makullin a tafin hannunsa ta tafi. Shi kuwa kafin ta kai bakin titi har ya rataya shi a hancin wando, ta gaba, inda duk mai ido zai gani.

Matsalar da ta taso ta inuwa ce. A gaban shagonsa akwai wata bishiya guda, ita kaɗai ce a duk jerin shagunan, kuma kowa idonsa yana kanta. Da sassafe Mai Burodi, maƙwabcinsa na dama, yake kafa motar kayansa a ƙarƙashinta. Da ya ɗaga, masu zuwa wurin Mai Aski, maƙwabcin hagu, su maye gurbin. Na-Sama kuwa ba ya fitowa sai rana ta take, saboda a cewarsa manyan mutane ba sa sammako. Ranar farko ya ajiye motar a rana, da ya dawo ya kama sitiyari sai da ya yi tsalle yana yarfa hannu, Mai Aski yana leƙowa yana dariya har da riƙe ciki. Wannan dariyar ita ta ja komai.

Ya kwana yana saƙawa yana kwancewa, har dabara ta faɗo masa. A lokacin 'yan sanda sun matsa wa masu ajiye mota barkatai, duk inda aka ja layi ruwan ɗorawa a gefen titi, ka ajiye mota ka dawo ka tarar an ɗaure tayarta da wani ƙaton ƙarfe da ake kira ankwar taya, ko kuma janwe, motar jan motoci, ya yi gaba da ita. Mutane sun tsorata da launin nan kamar maciji. To shi kuwa ruwan ɗorawa ai gwangwani guda gare shi a ƙarƙashin benci. Zai ja layi a ƙarƙashin bishiyar, ya kafa allo, kowa ya watse. Shi da ya san layin na bogi ne sai ya riƙa shimfiɗe motarsa a inuwa kamar gidan ubansa.

Karo na farko a rayuwarsa ya yi sammako. Kafin kowa ya buɗe shago ya ɗaure igiya daga wannan gefe zuwa wancan, ya durƙusa ya bi ta da buroshi a hankali. Allo kuma bai tsaya saye ba, ya janyo wani daga cikin na mutane da ke jingine a bayan shago suna jiran gyara, ya shafe fuska ɗaya da fari, ya rubuta da manyan baƙaƙe: AN HANA AJIYE MOTA A NAN, UMARNIN HUKUMA. Har da wani zagayayyen tambari ya zana a ƙasa. A faɗi gaskiya komai ɗacinta, tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa aiki mai kyan wannan ba. Mutumin da almakashin da ya zana wa Mai Aski har yau yara suke cewa ƙaguwa ce, yau ga shi ya ja layi miƙaƙƙe sak, babu ko ɗigo a gefe.

Ya yanke shawarar ranar farko ba zai shiga inuwar ba, sai tsoro ya zauna a zukatan mutane. Ya ajiye motar can a rana, ya ɗauko kujera ya harɗe yana kallo.

Mai Burodi ya iso, ya taka birki, ya leƙo ta taga yana karanta allon da motsin baki. Mai Aski ya fito da tsintsiya a hannu ya tsaya. Kafin ka ce kwabo mutane sun taru suna ta yaushe aka yi wannan, su wa suka yi. Da Na-Sama mai hankali ne, da ya ja bakinsa ya yi gum. Amma ina, yabo yana yawo babu mai shi, ai zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Ya yi gyaran murya. "Waya ɗaya na buga."

Mai Aski ya juyo. "Kai ka sa aka yi?"

"Na gaya wa na sama cewa gaban shagona ya zama tasha. Da asuba sai ga babban da kansa, a baƙar mota, da injiniyoyi. A kan bencin nan ya zauna muka sha shayi suna aiki. Har ya ce in tashi in duba ko layin ya yi mini."

"Babban da kansa?"

"Da kansa. Ga kofin da ya sha can ban ma wanke ba."

Wasu suka je har ƙofar shagon suka leƙa kofin. Mai Aski ya girgiza kai ya ce lallai yau ya yarda, ashe duk shekarun nan mutumin nan ba iska yake busawa ba. Na-Sama ya ji kansa ya yi wani irin girma, ya ƙara da cewa babban ya tambayi lafiyar Malama.

Ana cikin haka sai ga Saje a kan babur. Shi ne ɗan sandan da ke kula da titin, dogo ne mai kaurin gashin baki, ba ya sauri, ba ya ɗaga murya, kuma ba a taɓa jin ya fasa abin da ya fara ba. Ya kashe babur, ya bi layin da kallo daga farko har ƙarshe, fuskarsa ta washe.

"To madalla. Ashe ma'aikatar ayyuka ta tuna da mu."

Shi kuwa Mai Burodi, da yake kayansa na jiran masu saye, ya riga ya lallaɓa ya tsaya a kan layin, wai zai sauke tire biyu na burodi kawai ya matsa. Ya fito daga shago ya tarar ana ɗaura wa tayarsa ankwa.

"Yallaɓai, ko kashe injin ban yi ba."

"Layin bai ce sai wanda ya kashe inji ba."

"Jiya fa babu shi."

"Jiya ban kama ka ba."

Wani mutum da ake yi wa aski ya hango abin da ke faruwa ta madubi, ya tuna tasa motar hancinta yana taɓa layin. Ya zabura da ƙyallen aski a wuya, rabin kai fes rabin kai daji, Mai Aski yana biye da shi da injin aski a hannu yana cewa ya tsaya a daidaita. Mutumin ya faɗa mota ya ba ta wuta, bai dawo ba har yau.

Mai Burodi ya zo ya riƙe hannun Na-Sama. "Maƙwabci, ka taimaka. Tunda kai ka sa aka yi, buga wa babban ya ce a sake ni. Ka manta allona da na ba ka gyara tun bara ban taɓa ɗaga maka hankali ba?"

Na-Sama ya ji wani abu ya tsirga masa, amma ya dake. Ya ciro waya ya yi 'yan danne-danne, ya koma gefe yana ta "ranka ya daɗe" shi kaɗai, sannan ya dawo yana girgiza kai.

"Suna taro. Amma ya ce doka doka ce, ko ƙaninsa ne."

Janwe ya zo ya ɗaga motar burodi da burodin a ciki. Mai Burodi ya bi ta da gudu har kwana yana kiran sunan Allah, ƙamshin kayansa yana bin iska. Tausayi ya ɗan taɓa Na-Sama, ba za a ce bai taɓa shi ba, amma da ya waiga ya ga inuwar nan shimfiɗe babu kowa, sai tausayin ya bi janwe.

Washegari ita ce ranar dawowar Malama. Na-Sama ya fito da farar riga, ya tuƙo motar a hankali yana danna hon ba dalili, ya shigo ƙarƙashin bishiya ya hau kan layin da tayoyi huɗu. Ya fito ya miƙe yana hamma.

Mai Aski, wanda tun safe ko ƙuda bai shiga shagonsa ba, ya ce, "Kai ba ka ga allon ba ne?"

"Wanda ya sa aka kafa doka ai ba a kansa take hawa ba. Kai dai yi ta kaɗa almakashi."

Don Malama ta dawo ta ga yadda ake riƙon amana, sai ya ce bari ya wanke motar. Ya wanke jiki, ya wanke tayoyi, abin ya yi masa daɗi, ya buɗe bonet ya ce ai masu mota na gaske har inji suke wankewa. Ya kwara bokiti guda a ciki, ya ƙara na biyu don ladan aiki.

Yana cikin goge gilashi ya ɗaga kai, sai ya hango babur ɗin Saje a farkon titi, ankwa tana rataye a baya tana ƙara. A nan ne wani tunani da ya kamata ya zo masa tun shekaranjiya ya iso a makare: shi ya san layin na bogi ne, amma Saje bai sani ba.

Ya faɗa mota ya murɗa makulli. Injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake murɗawa yana lallashinta da 'yar albarka, 'yar arziki, ta ƙara tari ɗaya ta mutu murus. Saje kuwa ya tsaya can yana yi wa wani mai a-kori-kura bayani, saura ƙiris ya ƙaraso.

Dabara ta biyu ta zo, kuma ta fi ta farko muni. In mota ba za ta bar layi ba, to layi ya bar mota. Ya zare makullin ya mayar hancin wando, ya ruga shago ya fito da baƙin fenti, ya kwanta rub da ciki a gefen motar da farar rigarsa, ya shiga shafe layin da sauri kamar mai kashe gobara. Ya shafe na gaban taya, ya ja ciki ya shafe na tsakiya, ya miƙa buroshi zai kai na baya, sai buroshin ya sauka a kan wani baƙin takalmi mai sheƙi. Ya bi takalmin da ido zuwa wando, daga wando zuwa bel, daga bel zuwa gashin baki.

"Sannu da aiki," in ji Saje.

"Yawwa, ranka ya daɗe. Ya ƙoƙari?"

"Me kake yi wa layin hukuma?"

"Gyara ne. Na ga kamar ya ɗan yi haske da yawa, yana kashe wa direbobi ido."

Saje ya ciro rediyonsa ya kira janwe, a natse kamar mai odar shayi. Sannan ya ce, "Ajiye mota a kan layi, wannan ƙaramin laifi ne. Ɓata kayan hukuma da rana tsaka a gaban jami'i, wannan kuma sai mun je ofis. Tashi."

Ya juya zai kwanto ankwa daga babur. Na-Sama ya ga makulli yana shirin yin fiffike. Ya yi wuf ya shiga tsakanin Saje da motar ya buɗe hannuwa.

"Yallaɓai, kar ka taɓa ta, don girman Allah. Layin nan ba na hukuma ba ne. Ni na ja shi."

Kafin nan titin ya cika maƙil, har da masu leƙowa daga saman bene. Mai Aski ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka.

"Kai? Kai ka ja wannan?" Ya nuna allon shagonsa. "Yallaɓai, dubi can. Wai almakashi ne. Wanda ya zana wancan shi zai ja wannan?"

Saje ya dubi ƙaguwar, ya dubi layin, ya girgiza kai. "Malam, ka nemi wata ƙaryar."

"Wallahi ni ne. Da hannun nan."

"Ƙarya yake, yallaɓai," in ji wata mai sayar da yadi daga cikin taro. "Babban ne da kansa ya zo da injiniyoyi, a baƙar mota. Kowa ya sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Shi."

"Har kofin da babban ya sha shayi mun gani," in ji wani.

Na-Sama ya juya yana roƙonsu ɗaya bayan ɗaya. "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Yaushe kuka fara yarda da maganata? Kai Mai Aski, ba kai ne kullum kake cewa ƙaryata ta fi fentina yawa ba?"

"Na tuba tun jiya. Ai na ce na yarda da kai."

"To ka warware tuban. Ni ban san kowa a sama ba. Ko a tsakiya ban san kowa ba. Kofin nan ni na sha abina."

Tunda yake bai taɓa faɗin gaskiya mai yawan wannan a tsaye ɗaya ba, kuma babu wanda ya saya. Ya ruga ya ɗauko gwangwanin ruwan ɗorawa da igiya ya dire a gaban Saje. Saje ya ce kowane mai fenti yana da ruwan ɗorawa, kowane gida akwai igiya. Amma da yake mutum ne mai son adalci, sai ya nuna wani fili a kan kwalta ya ce to bismilla, ja mana irinsa mu gani.

Aka buɗe masa fili. Na-Sama ya durƙusa, gumi yana ɗiga daga hancinsa. Ya manta da igiyar ma gaba ɗaya. Layin ya fara lafiya, ya karkata hagu, ya tuna ya dawo dama, ya yi ciki, ya ƙare a kan silifas ɗin mai yadi. Mutane suka riƙa faɗuwa a kan juna. Wani daga saman bene ya ce a kawo sanda a kashe shi kafin ya sari wani.

"Ka gani," in ji Saje. "Wannan naka ne, na shaida. Wancan kuwa aikin masana ne."

Abin duniya, maganar nan ta yi wa Na-Sama daɗi da ciwo a lokaci guda, har bai san wanda zai fara ji ba.

Daidai nan Mai Burodi ya iso a ƙafa, idanu jajir, tun safe yana ofishin 'yan sanda yana zarya a kan motarsa. Ya kutsa cikin taron, da ya ga bai samu wurin tsayawa ba sai ya zagaya ta bayan allon ya dafa shi. Ya ɗaga kai. Ya ƙura ido. A bayan allon hukuma ga hoton burodi nan zane, ya ɗan koɗe, da rubutu a ƙasa: ZAFI-ZAFI KULLUM.

"Wannan ai allona ne."

Ya kama allon ya murɗa shi da ƙarfi ya fuskanci jama'a. "Allona ne da na ba shi gyara tun bara. Kullum sai ya ce fenti bai bushe ba."

Na-Sama ya daka tsalle don murna. "Alhamdu lillahi. Kun gani? Allonsa ne na sata. Yallaɓai ka gani, ni ne. Allah Ya yi maka albarka, maƙwabci."

Ba a taɓa ganin mutum yana murnar an kama shi haka ba. Saje ya koma gefe ya yi magana a rediyo, aka tabbatar masa babu wanda aka tura ja layi a titin nan. Ya dawo gashin bakinsa yana motsi, don ya tuna motar burodin da ya sa aka ja jiya a kan layin mai fenti. Ya daɗe yana kallon Na-Sama.

"Motarka ba ta da laifi, tunda babu doka a inda take. Ba zan taɓa ta ba. Kai ne dai za ka bi ni ka yi bayani."

"Ni a kai ni ko'ina, ranka ya daɗe. Ita dai kar a taɓa ta."

Da a nan abin ya tsaya, da ya tsira da makullinsa. Sai dai Mai Burodi ya gama haɗa lissafin abin da aka yi masa, ya sunkuya ya ɗauki gwangwanin ruwan ɗorawa, ya nufi farar motar yana cewa yau sai ita ma ta ɗanɗana. Mutane suka riƙe shi, yana fizgewa, fenti yana fallatsa. Na-Sama ya ga ba zama. Ya zura hannu ta taga ya sauke birkin hannu, ya sa kafaɗa ya tura, wai ya matsar da ita kaɗan daga fitina.

Ya manta titin gangare ne. Motar ta matsa kaɗan ɗin da ya nema, sannan ta ƙara da nata. Ta fara tafiya, ta fara sauri, ta bar shi tsaye da kafaɗa a iska. Ya bi ta yana kiran tsaya, tsaya, jama'a suka bi shi, Mai Burodi da gwangwani, Mai Aski da almakashi, yara da ihu. Ya cim mata wajen shagon mai gyaran agogo, ya yi sufa ta taga, rabinsa a ciki ƙafafu a waje suna harbin iska, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Allah Ya taimake shi hannunsa ya faɗa kan birkin, ya ja da iya ƙarfinsa. Motar ta yi ƙara ta tsaya cak a ƙarshen gangaren, gaban wata ƙatuwar jar ƙofa, ko ƙwarzane babu.

Ya zame ya fito. Riga ta zama baƙi da ruwan ɗorawa, ƙafa ɗaya babu takalmi, amma da ya ji wasu suna tafi sai tsohon ciwon ya motsa. Ya ɗaga hannu yana karɓar gaisuwa.

"Wannan ba komai ba ne. Da gangan na sake ta. Akwai lokacin da na tsayar da tirela haka, da lodi."

Saje ya iso a ƙafa, bai yi sauri ba. Ya zagaya motar, ya tsaya a gefenta, ya sa takalminsa mai ɗigon baƙin fenti ya share ƙasar da ta taru a bakin kwalta. A ƙarƙashi sai ga wani abu ya bayyana, wani tsohon layi siriri, ya koɗe ya tsattsage, ya karkace kamar an ja shi a cikin barci. Sannan ya nuna jar ƙofar da haɓa. Ƙofar 'yan kwana-kwana ce, inda motar kashe gobara ke fitowa.

"Wannan shi ne namu."

Na-Sama ya sunkuya ya duba. "Wannan? Yallaɓai, wannan ai ko almajirin fenti ba zai ja shi ba. Dubi yadda ya karkace. Wa zai ga wannan?"

"Ni na gan shi."

"Ai ba ajiye ta na yi ba, ita ta zo da kanta."

"Wa ya ja birki?"

Na-Sama ya waiga wajen jama'ar da yanzun nan ya gama gaya musu da gangan ya yi. Duk suka gyaɗa kai, a shirye suke su ba da shaida. Saje ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, yatsu biyar cif, daidai lokacin da janwen da aka kira tun ɗazu ya kunno kai yana neman abin ɗauka.

Taron ya toshe titi, motoci sun yi layi suna hon. Daga cikin wata tasi da ta maƙale a cunkoson, wata mata ta gaji da jira ta sallami direba ta fito da jakar tafiya, ta ratso mutane tana cewa a ba ta hanya. Ta ɗaga kai ta ga farar mota a rataye, hancinta a sama, ruwa yana ɗiga daga injin. Ta karanta lambar. Sannan ta sauke ido kan wani mutum mai launi uku da takalmi ɗaya.

"Malama, sannu da hanya. Ya kwas? Bari in yi miki bayani, abin yana da tarihi."

Ta miƙa hannu, tafin a sama.

"A gaban mutane, Malama?"

Hannun bai motsa ba. Ya duba hagu, ya duba dama, har sama ya duba, babu kowa a can sai masu leƙe daga bene. Ya kwance makullin daga hancin wando, ya ɗora mata. Ta zuge jakar ta jefa shi ciki ta zuge, sannan ta yi wa Saje sannu da aiki, ta ce ya yi gaba, za su same shi a ofis yanzu.

"Ɗauki jakar," ta ce.

Ya ɗora ta a kafaɗa. Ta wuce gaba, yana biye yana ɗingishi, mutane suna darewa suna ba su hanya, makullin yana ƙara a cikin jakar daidai saitin kunnensa. Da suka zo wucewa ta gaban Mai Aski, sai ya rage tafiya, ya karkato da baki ya yi ƙasa da murya.

"Ka dai shaida, har yanzu ni ke ɗauke da shi."

"Baban yara," in ji Malama, ba ta ko waiwayo ba.

"Ga ni nan, Malama."